Surukina da Takardar Cikin Kaset

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu. Ranar wata Talata tsakanin azahar da la'asar, gero ya fara fid da kai, surukina ya riga mu tafiya. Kwana biyar ya yi a kwance. Muna ta shawarar ko a ɗauke shi zuwa Maraɗi, ashe shi ya riga ya gama tasa shawarar.

Kwana uku na zauna a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Aikina na shekara ashirin da ɗoriya shi ne in zauna gaban jama'a in lura da wanda ya zo da darasinsa da wanda ya zo hannu rabbana, don haka na lura. Kowa ya zo da nasa tsohon. Masuntan Madarumfa suka ce bai taɓa jefa taru a inda wani ya riga shi kafa sanda ba, ko da kifi na tsalle a wurin. Matan da ke sarin tumatir a garkarsa suka aiko daga cikin gida cewa kwandonsa kullum da tozo yake. Wani tsoho daga cikin Aznan wajen Safo, abokinsa na ƙuruciya, ya ɗaure jakinsa can gefe, ya ƙi hawa tabarma, ya ce, "Shekara sittin shina kirana salla, ina kiranshi giya. Ba wanda ya amsa ma wani, ba wanda ya fasa kira. Yanzu wa za ya kira ni?" Liman kuwa gajerce tasa ya yi: "Ɗan sahun farko ne, rani da damina. Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe masa rediyon nan." Aka ce amin, wasu na ɓoye murmushi cikin rawani.

Ni duk wanda ya zo sai ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Mushe, ya haƙuri?" kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Gaisuwa cikakkiya, ba abin gyara. Da ɗalibi ne da na ba shi goma bisa goma. Sannan ya matsa gaba ya kai ga ƙaramin suruki, mijin ƙanwar matata, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, sai gaisuwar ta lalace. A dafa kafaɗarsa, murya ta karye, a ce, "Kai dai yau ka zama maraya." Na ji wannan magana har na haddace ta.

Ana cewa kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama babban suruki ba.

Ina wannan rubutu don kada a manta da tsohon, haka ne. Amma tun da mamaci ba ya buƙatar ƙaryata, zan rubuta har da nawa.

'Ya'ya biyu Allah ya bar masa, duka mata. Ni na auri 'yar fari, wadda ko sunanta bai taɓa kamawa ba. In zai kira ta sai ya ce "ke wannan". Kunyar da ke tsakaninsa da ita ta haɗu da kunyar surukuta, aka ɗora mini duka biyun, na kuwa ɗauka kamar wanda aka rataya wa lambar yabo. In na hango shi a hanya sai in sauka daga keke in ratse. In gaisuwa ta kama, takalmi a ƙofar zaure, ni a durƙushe, ido a ƙasa. Shekara ashirin da uku ban ga yadda yake tauna abinci ba, shi ma bai ga nawa ba. Na san ƙafafunsa fiye da fuskarsa: faso a dunduniya kamar bakin tabki da rani, babban yatsan dama ba farce. Shi kuma bai taɓa ce mini "kai" ba. "Su Mushe" yake cewa, ko "mutanen lakwal", sai ka ce aji guda ne ya auri ɗiyarsa.

Kada a ɗauka ba ya kula. Shekarar da aka tura ni koyarwa Gabi, ɗakin da aka ba mu yana yoyo. Ban faɗa wa kowa ba. Matata ce ta faɗa wa uwarta. Wata Laraba da hantsi ina cikin aji na hango amalanken jaki ɗauke da damman shuci ya tsaya a ƙofarmu. Tsoho ya hau, ya yaye tsohuwar jinka, ya baibaye sabuwa, daga shi sai igiyarsa. Ni ina bakin taga ina koya wa yara jam'in kalmomin Faransanci. Na kasa fita, don fita na nufin in tsaya a ƙasa in ɗaga kai in dubi surukina. Kafin a tashi ya sauko, ya sha ruwa, ya kama hanya. Saƙon da ya bari shi ne: "A ce ma su Mushe kada su jingina littattafai da bango."

Haka muka zauna, ni da shi, kamar gonaki biyu masu iyaka ɗaya. Kuma ban ga laifin zaman ba, sai da na ga wani ya tsallake iyakar bai karye ba.

'Yar auta ta yi aure shekaru bayan namu. Auta ba ta san kunya a gidan ubanta ba, mijinta kuma ya shigo ta ƙofar da ta bari a buɗe. Amma gaskiya ba ita ta kai shi tabarmar tsoho ba. Kaset ne.

A farkon shekarun casa'in wani Bature da ya yi aikin furoje, wato shirin bunƙasa kamun kifi, a tabkin Madarumfa ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar wa tsoho rediyo mai lasifika biyu, da kaset guda a ciki. Kiɗan wasu samari uku ne. Hotonsu na kan takardar da ke cikin kwalin, gashi a tashe kamar zankon zakara. Ranar da tsoho ya fara kunnawa, an ce sai da ya ajiye tarun da yake ɗinki. Ashe ya san kiɗan. Yana saurayi ya yi dako a bakin teku, can Akara, ya ga irinsa a silima: jita mai gudu, ganga, da wani ƙaton goge na katako wanda ya fi mutum tsawo, a tsaye ake riƙe shi, kuma ba goga shi ake yi ba, marinsa ake yi. Masu shi rokabili suke kiran wannan kiɗa. Shi "kiɗan mari" yake ce masa, ƙaton gogen kuma ya raɗa masa suna Sa.

Sai dai samarin nan ba su bar kiɗan yadda ya san shi ba. Sun zuba masa abin zamaninsu, wani ogan na lantarki mai siririyar murya, sanyi ƙalau, yana shawagi bisa kan komai. Shi kuma ya raɗa masa Sauro.

Wata rana rediyo ya tauna zaren kaset, dole aka nemi mai gyara, mai gyara kuwa suruki ne. Ba a gyaran kaset a durƙushe. Sai da suka haɗa kai bisa akwatin, ƙaramin suruki na cewa, "Baba, riƙe nan." Mutumin da ka ce wa "riƙe nan" ya riƙe, kunya ta ƙare tsakaninku. Daga ranar, kullum bayan la'asar suna gindin mangwaron garka, tabarma ɗaya, shayi ɗaya.

Hanyata daga lakwal zuwa gida ta bayan dangar garkar take bi. Sarƙar kekena ta koyi zamewa daidai wurin. Ina tsugune ina mayar da ita, ina ji.

"Kai mai gyara, fidda mani Sauron ga, ka bar mani Sana."

"Baba, ba shi fita. Tare aka dafa su."

"To mi ka iya ke nan? Ɗiyata na ba wanda bai iya korar sauro ba?"

Sai dariya. A nan, a bayan danga, hannuna duk baƙin mai, na fara jin dariyar surukina. Tana da wani ɗan tari a ƙarshenta. Ban taɓa ganin fuskar da ke yin ta ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, pil, wato batir, ya yi wuya. Tsoho ya riƙa shanya tsofaffin a rana bisa rumbu don su farfaɗo, in kuma zai mai da zare baya sai ya zura bik, wato biro, a ramin kaset ya juya da hannu. Mutumin da bai taɓa rubuta harafi ba ya zama ba ya rabuwa da bik a aljihu. Ni da na ƙarar da rayuwata ina koya wa mutane riƙon bik, wannan amfanin nasa ba daga wurina aka koya ba.

A wannan shekarar ce lasifikar hagu ta mutu. Ashe Sauro a hagu yake zaune. Aka kunna kaset, sai ga Sa da jita da ganga, tas, kamar yadda ya gan su a silima. Roƙon shekara biyu ya karɓu. Kwana biyu ya saurara. A na uku ya ɗauki rediyon a kai har bakin kasuwa, ya dire gaban surukinsa.

"Maido shi."

"Baba, ba kai ka ce..."

"Na ce. Yanzu Sa na tafiya shi kaɗai kamar gwauro. Maido shi."

Aka gyara, Sauro ya dawo, daga nan kuma gardama ta tashi, wadda ta raka shi har kabari. Tsoho ya ce ya gane abu guda a kwana biyun nan: mai marin Sa shi ne mai kaɗa Sauro, mutum ɗaya ne. Ƙaramin suruki ya ce ba ta yiwuwa, hannu biyu gare shi, abubuwan kuma tare suke kuka. Dole akwai na huɗu da bai shiga hoto ba.

"Baba, ni ne fa mai gyara."

"Kai waya kake ji, ni numfashi nake ji. Inda Sa ya ja numfashi, nan Sauro ke shiga. Mutum biyu ba su yi ma juna wannan ladabi, ko uwa ɗaya ta haife su."

Da gardama ta ƙi ƙarewa suka tuna cewa a bayan hoton akwai ƙananan rubutu da Ingilishi, kuma a dangi akwai wanda ya yi kwalej. Tsoho ya ba surukuwata takardar, ita ta ba matata, matata ta ajiye mini a kan tebur.

"Baba ya ce in su Mushe sun samu sarari."

A yammacin ranar na gama. Na kakkaɓe ƙamus ɗina na kwalej, na bi layi-layi. Ba wani abu mai wuya ba ne: sunayen waƙoƙi, godiya ga iyaye da abokai, da ɗan bayani cewa kiɗan kakanninsu suka ɗauka suka gauraya da sabon salon da ake yayi a garinsu. A ƙasa kuma jerin wa ya kaɗa me. Suna guda ya fito sau biyu, gaban ƙaton goge da gaban ogan. Ya fara ɗaukar sautin na farkon ne a kaset, ya dawo ya ɗora na biyun a kai. Tsoho ya yi gaskiya. Mutumin da bai san baƙi ba ya karanta da kunne abin da sai da ƙamus na gano.

Na kwafe fassarar da Hausa a sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, na ja layi ƙarƙashin kan magana da rula. Matata ta shigo ta gan ni ina busa tawada.

"Ka gama?"

"Wa zai karanta masa?"

"Ba ni in kai. Mijin auta ya karanta mishi, ai shina haɗa baƙi."

Na dubi rubutuna. Na gan shi a gindin mangwaro, cikin bakin wani, ana tuntuɓe a kan kowace kalma. Na ga tsoho ya yi tsalle ya ce "Ban gaya maka ba!", ya buga cinyar wanda ke kusa da shi. Ni kuwa ina bayan danga da sarƙar keke.

Na ce, "Ban gama ba. Akwai wuraren da ke son bincike."

Na sa takardar cikin ƙamus na rufe. Lissafina mai sauƙi ne, irin na malamin firamare: in yana so, zai kira ni da kansa, in zauna, in karanta masa da bakina. Abin da na manta shi ne darasin da na fi kowa iyawa. Suruki ba ya roƙon surukinsa sau biyu. Na farkon ma ta hannun mata biyu ya bi.

Shekara uku. Kaset ya zauna tsirara cikin kwalinsa, ba hoto. Matata ta tambaya sau uku ko huɗu, ta ga fuskata, ta bari. Ni kuma na ci gaba da gyaran sarƙa, ina jin su suna juya gardamar nan kamar waina, amsar tana gida cikin ƙamus. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Abu guda ke nan nasa da ke hannuna wanda ba ya hannun wancan.

Ranar babbar sallar ƙarshe da ya gani na je gaisuwa. Na durƙusa, muka bi gaisuwa har ƙarshenta: gida, gajiya, yara, ruwa. Ƙafafunsa suka motsa a kan buzu.

"Aiki ya yi ma su Mushe yawa, ko?"

"Da godiya, Baba."

Ya jira. Na jira. Amsar na bakina, kalma uku ce kawai: mutum ɗaya ne. Amma so nake ya ce "takardar nan fa", shi kuma ba zai ce ba.

"To," ya ce. "A bi a hankali. Ba gaggawa."

Na ɗauki takalmina na fita. Bayan 'yan watanni ya kwanta. A kwana biyar ɗin nan na je dubiya kullum, na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya dace, ƙaramin suruki na ciki yana tallafe da kansa. Takardar na aljihuna tun rana ta biyu. Na ce bari ya ɗan ji sauƙi.

Da aka yi sadakar arba'in, washegari da hantsi na nufi garka. Wannan karon ta ƙofa na shiga. Na tarar da ƙaramin suruki yana ban ruwa, don ba wanda ya ce masa ya daina. Ya ajiye guga, ya shimfiɗa mini tabarmar. Na zauna a kanta, karo na farko. Tabarma ce kamar kowace tabarma, har ta fara zarewa a gefe.

Na fiddo takardar da kayen. Na karanta masa daga sama har ƙasa. Shayin da ya ɗora bai tafasa ba na gama.

Ya ce, "Sake karanta na ƙasan nan."

Na sake.

"Mutum ɗaya?"

"Mutum ɗaya."

Ya zauna daɓas a kan ƙasa mai laima. "Ya ci ni," ya ce. "Wallahi tsohon nan ya ci ni." Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya share fuska da bakin riga. Sannan ya dubi kayen, ya ga yadda takardar ta yi ja, tawadar ta koɗe. Ba ya da ilimi, amma mai gyara ne. Ya san sabo da tsoho.

"Yaya Mushe, tun yaushe ka san wanga?"

"Tun ranar da aka kawo."

Na shirya wa zagi, har na zo da kunnuwana a wanke. Bai zage ni ba. Ya ɗauki tsinke yana tonon ƙasa.

"Ni na sha ce mishi mu karɓo abinmu mu kai Maraɗi a karanta muna. Ka san mi yake cewa? 'Kul. Su Mushe ba su aikin gaggawa. Shekara uku suna kan takarda guda, ka ji ilimi ke nan, ba irin naka ba na hura waya.' Har baƙi yake gaya ma haka." Ya jefar da tsinken. "Kuma kana zaton ba mu jin kekenka? In ya ji sarƙa sai ya gyara hula, ya ɗaga murya. Ya ce in yi magana da hankali, malamai na wucewa. Ni fa shekara shida ina nan, bai taɓa gyara mani hula ba. 'Kai mai gyara', 'kai yaron ga'. Ko ranar da ya rasu, ni na riƙe kanshi, amma tambaya yake ko an ba su Mushe wurin zama."

Ya faɗi wannan da ɗaci, ba don ya lallashe ni ba. Na dube shi, na ga fuskar da nake gani a madubi. Ya kamata wannan ya sanyaya mini rai. Ya ɗan sanyaya. Amma na lura, tun da lura ce sana'ata, cewa ko yabon da tsoho ya yi mini sai da na zo na karɓa daga bakin wannan mutumin.

Na ce ya ara mini kaset ɗin. Ya ce a'a. Ya ce in ina son ji, ga tabarma, ga la'asar. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar ya mayar cikin kwalinta, samarin uku suka koma gida. Kayen ya bar mini. Ya ce rubutuna ya yi masa ƙanana.

Wannan shi ne surukina: masunci, mai garka, ɗan sahun farko, mai baibaye ɗakin da ba a roƙe shi ba, mai kunnen da ya fi ƙamus. Ya ba ni ɗiyarsa, ya ba ni girma har ya yi mini yawa, ni kuwa abu guda ya taɓa nema a wurina. Wanda ya karanta wannan, in yana da tsoho a raye, ya duba cikin littattafansa.

Ya Allah, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi kamar gindin mangwaronsa, ka yafe masa, ka yafe wa waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa. In kuma labarin duniya na isa ga waɗanda suka riga mu, a isar masa da wannan: mutum ɗaya ne, Baba, kai ka ci. A kuma gaya masa daga bakin wa ya fito.